Bakin Kano da Masu Gadinsa: Daga Zamanin Bluetooth zuwa TikTok

A watan Yunin 2009 wata kotun majistare a Kano, wadda ke shari'ar ƙararrakin Hukumar Tace Fina-finai ta jihar, ta haramta waƙoƙi 11. Haramcin ya haɗa da sayar da su, da yaɗa su, har ma da sauraronsu. Cikinsu akwai "Oyoyo" ta Adam A. Zango, da "Girgiza Kai" ta Nazir Ahmad Hausawa wanda aka fi sani da Ziriums, da "Hasbunallahu" ta Aminu Ala da wasu abokan sana'arsa. Yawancin waƙoƙin martani ne ga hukumar kanta, wasu da lafazi mai laushi, wasu da zagi tsagwaronsa.

Yanke hukuncin bai yi wuya ba, zartar da shi ne ya gagara. Babu wani shago guda da za a dira a kwashe kayan laifi a loda a mota. Waƙoƙin suna cikin aljihun jama'a, a kan ɗan memori wanda bai kai farcen babban yatsa ba. Samari biyu za su zauna a dakali, ko 'yan acaɓa biyu a bakin tasha, ɗaya ya ce "kunna bulutut ɗinka." Sai a kara wayoyin kusa da juna, sunan wayar wancan ya fito a fuskar ta wannan, a danna, a jira ɗan layin nan ya cika. Kafin mai shayi ya gama sheƙa kofi biyu, waƙa ta sauya gida. Ba a taɓa kati ba, ba a bi ta kamfanin waya ba, kuma babu inda aka rubuta cewa wane ya tura wa wane. Wanda bai san da waƙar ba ma, jin an hana ta ya sa ya fita nema.

Mutanen Kano ba a ranar suka fara koyon magana ana sa musu ido ba. Tun bayan kafa jam'iyyar NEPU a ranar 8 ga Agustan 1950, 'yan doka da kotunan alƙalai na En'e sun sha ɗaure magoya bayanta kan lacca ba izini ko kan abin da aka kira zagin sarakuna. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku ta fita sau da dama, haka Alhaji Tanko Yakasai. 'Yan jam'iyyar suka dogara da waƙa, domin ita ana haddace ta ne, ba a kama mutum da ita a hannu. A zamanin soja kuma, Doka ta 4 ta 1984 ta gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta kai 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, gidan yari na shekara guda. Amma a duk waɗannan shekarun, ƙofofin da hukuma ke tsarewa ƙalilan ne: maɗaba'a, gidan rediyo, silima, dandalin lacca. Talaka yakan faɗi abin da ke ransa a majalisa ko a teburin mai shayi, maganar ta tashi tare da masu zaman. In yana son jin abin da rediyon gwamnati ya ɓoye, sai ya murɗa akwatinsa zuwa BBC ko Muryar Amurka ko rediyon Jamus.

Abubuwa biyu suka faru a 2001 waɗanda suka shata duk abin da ya biyo baya. Na farko, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso, wadda ta dakatar da harkar fim ɗin Hausa a Disambar 2000 bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci, ta kafa Hukumar Tace Fina-finai domin a ci gaba da sana'ar bisa sharaɗi. Na biyu, a watan Agusta, wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya. An gina hukumar ne don zamanin kaset: furodusa ya kawo fim, a kalla, a yanke abin da za a yanke, a ba shi takardar shaida, sannan ya kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai. Duk fim ɗin da zai shiga gidajen mutane sai ya bi ta wannan siririyar hanya, don haka tsare ta ba wuya. Babu wanda ya kawo a ransa cewa nan da 'yan shekaru kowace waya za ta zama shago.

A 2007 aka ga haka ƙuru-ƙuru. A watan Mayu Gwamna Ibrahim Shekarau, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ya jagoranci ƙona littattafan soyayya na Hausa a wata makarantar 'yan mata. Wata uku bayan nan sai wani bidiyon sirri na wata 'yar fim, wanda aka ɗauka da waya, ya fantsama cikin gari ta Bluetooth. Shi ne abin da aka riƙa kira rikicin Hiyana, da sunan fim ɗin da ya fito da ita. Gari ya ɗauki zafi, masu wa'azi suka hau mumbari, gwamnati ta naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, tsohon jigo a Hukumar Hisbah, ya shugabanci hukumar tacewa. Aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, aka gindaya sababbin sharuɗɗa, kotun tafi-da-gidanka ta fara aiki ba ji ba gani. A watan Satumba aka yanke wa Adam Zango wata uku kan faifansa na "Bahaushiya" da ya fita ba a tace ba. A 2008 aka ɗaure Rabilu Musa Ibro. A ƙarshen shekarar aka tura Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama gidan yari kan fim ɗinsa "Tsintsiya", ya yi kusan wata uku a ciki. A Yulin 2009 aka kama Aminu Ala. Marubuta ma aka ce kowa ya zo ya yi rajista, reshen Kano na ƙungiyar marubuta ta ƙasa, a ƙarƙashin Ado Ahmad Gidan Dabino, ya ja da wannan.

Ya kamata a faɗi gaskiya, Malam Rabo bai rasa magoya baya ba. Iyaye da yawa sun ga matakin a matsayin ceton tarbiyya, kuma damuwarsu ta gaske ce. Sai dai abin da matsin ya haifar daban ne da abin da aka yi niyya. 'Yan fim da dama suka tattara suka koma Kaduna da Jos da Abuja. Waƙa ta bar faifai ta koma memori. Wata sabuwar sana'a ta kafu a bakin titi da cikin kasuwannin waya irin su Farm Centre da titin Beirut: saurayi da kwamfuta a kan ɗan tebur, ƙarƙashin lema, yana tura wa mutane waƙa da fim a kan kuɗi kaɗan. Wannan sana'ar, wadda ta fara da kauce wa hukuma da arha, ita ce ta ƙarasa karya kasuwar faifai da hukumar ke tsaro, ta kuma karya furodusoshi da yawa tare da ita.

Marubuta, waɗanda galibinsu mata ne, sun bi irin wannan hanya daga baya. Da kasuwar littafi ta mutu, labari ya koma Facebook da Wattpad, sannan zaurukan WhatsApp inda mai karatu ke biyan kuɗi a sa ta a ciki, a riƙa sakin labari shafi-shafi. Marubuciya takan ɓoye a bayan laƙabi, Maman wane ko Ummu wance, ba edita, ba mai tacewa. Abin takaici shi ne wasu daga cikin labaran da ke yawo a waɗannan zauruka sun fi waɗanda aka ƙona a 2007 batsa nesa ba kusa ba, kuma suna isa wayar yarinya ba tare da uwarta ta ga ko bangon littafi ba.

Shekarun farko na Facebook da Twitter a Arewa shekarun sakin baki ne. A Janairun 2012, da gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafin mai, matasan Kano suka yi ta kiran juna ta Facebook da BlackBerry, suka mamaye shataletalen Silver Jubilee suka kwana a can. Mutane na rubutu da cikakken sunansu da hotonsu, suna jin cewa intanet fili ne da gwamnati ba ta san hanyarsa ba.

Ta sani, kuma tana shiri. Tun 2011 aka fara rajistar layukan waya da hoto da zanen yatsa, kuma da aka ci kamfanin MTN tarar sama da naira tiriliyan 1 a 2015 saboda layuka fiye da miliyan 5 marasa rajista, kowa ya gane da gaske ake yi, ko da yake an rage tarar zuwa biliyan 330. A 2013 jaridar Premium Times ta bankaɗo kwangilar dala miliyan 40 da gwamnatin tarayya ta ba kamfanin Elbit na Isra'ila don sa ido kan abin da 'yan ƙasa ke yi a intanet. A Disambar 2020 cibiyar bincike ta Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto ta sa Najeriya cikin ƙasashe 25 da ta gano alamar suna amfani da na'urorin kamfanin Circles, masu iya gano inda waya take da sauraron kira. A watan ne kuma ministan sadarwa Isa Ali Pantami ya ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, umarnin da ya kai ga toshe kira a layuka sama da miliyan 70 a Afrilun 2022. A ƙaramin kasafin kuɗin 2021 aka ware wa hukumar leƙen asiri ta ƙasa sama da naira biliyan 4.8 don kayan bibiyar WhatsApp da wayar Thuraya. Hujjar da ake bayarwa kullum ita ce tsaro, kuma a ƙasar da ke fama da Boko Haram da masu garkuwa da mutane hujja ce mai nauyi. Sai dai talakan da ya ga ɗan bindiga yana cinikin kuɗin fansa ta waya na tsawon makonni ba a kama shi ba, alhali an gano ɗakin ɗalibin da ya yi rubutu, yana da dalilin tambayar wa ake tsaro.

Makamin da ya fi cizo shi ne Dokar Laifukan Intanet da Jonathan ya sa wa hannu a Mayun 2015. Sashe na 24 ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara uku, ko tarar naira miliyan 7, ko duka biyun, ga wanda ya aika saƙon da aka ɗauka na cin mutunci ne, ko na ƙarya da nufin ɓata wa wani rai. Wane ne zai auna ɓacin rai? Mai ƙorafi, in yana da ƙarfin da zai sa 'yan sanda su tashi mota. Majalisar dattawa ta so ta ƙara a kai: ƙudirin Sanata Bala Ibn Na'Allah na 2015, da na Sanata Mohammed Sani Musa na 2019, da na Sanata Aliyu Sabi Abdullahi wanda da farko ya tanadi hukuncin kisa kan kalaman ƙiyayya. Duk ukun sun gamu da tirjiyar jama'a, ba su zama doka ba. Amma sashe na 24, haɗe da tsofaffin tuhume-tuhumen ɓata suna da tunzura jama'a na kundin Final Kod, ya wadatar.

Daga nan labarai suka fara taruwa, irin waɗanda kowane mai waya a Kano zai iya lissafa wa mutum. A Oktoban 2018 Jaafar Jaafar na jaridar Daily Nigerian ya saki bidiyon da ya ce yana nuna Gwamna Abdullahi Ganduje yana karɓar daloli daga hannun ɗan kwangila. Gwamnan ya musanta, ya kai ƙara kotu. A 2021 Jaafar ya bar ƙasar zuwa Ingila, yana cewa rayuwarsa na cikin haɗari. A Fabrairun 2021 Salihu Tanko Yakasai, mai taimaka wa gwamnan kan yaɗa labarai, ya rubuta a Twitter cewa gwamnatin jam'iyyarsu ta gaza kan tsaro, bayan sace 'yan matan makarantar Jangebe. Aka sallame shi daga aiki, jami'an farin kaya suka tsare shi. Ɗan Tanko Yakasai ne, wanda En'e ta ɗaure kan magana shekara sittin da wani abu kafin nan.

Amma sunan da ya fi sanyaya gwiwa shi ne Dadiyata. Abubakar Idris malami ne a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ɗan Kwankwasiyya mai kaifin alƙalami a Twitter. A daren 1 ga Agustan 2019, wayewar 2 ga wata, wasu mutane ɗauke da makamai suka tare shi yana shiga gidansa a Barnawa cikin Kaduna, suka tafi da shi a motarsa. Hukumomin tsaro sun ce ba ya hannunsu. Ba a gurfanar da shi a kotu ba, ba a nemi kuɗin fansa a bainar jama'a ba, ba a ga gawa ba. Kowace shekara in Agusta ta kama, matasa na sake tambayar inda yake. Wanda aka ɗaure an san ranar fitowarsa, ana kai masa abinci, lauya na ganinsa. Rashin sanin makomar Dadiyata ya shiga zukatan masu rubutu fiye da kowane hukuncin kotu, har sunansa ya zama abin da uwa ke ambata wa ɗanta in ta ga ya fiye zafin kai a waya.

A nan ne ɗabi'a ta fara sauyawa, kuma sauyin ba a kotu ake ganinsa ba, a cikin waya yake. Masu bincike sun auna irinsa a wasu wurare. Jonathon Penney, a nazarin da ya wallafa a 2016, ya duba shafukan Wikipedia 48 masu alaƙa da ta'addanci, ya ga masu buɗe su sun ragu sosai bayan tonon asirin da Edward Snowden ya yi a Yunin 2013, alhali karanta su ba laifi ba ne a dokar Amurka. Jin cewa ana kallo kaɗai ya isa. A Kano ba a buƙatar ƙididdiga kafin a gane haka. Zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai ko na 'yan unguwa, da wuya a rasa doka a samansa: ban da siyasa, ban da turo abin da ba a tabbatar ba, duk wanda ya jawo magana shi ya sani. Admin ya san in an zo kama mutum, da shi za a fara tambaya. Mutum zai rubuta sakin layi guda a fusace, bayan minti biyu a ga alamar an goge saƙo. In magana ta yi nauyi sai a ce "bari in kira ka," ko "sai mun haɗu." Ma'aikacin gwamnati yana karanta komai amma ba ya danna alamar so a kan komai, domin ya ga yadda ake ɗaukar hoton fuskar waya a kai wa oga.

Wannan hoton fuskar waya, wanda kowa ke kira sikirinshot, ya fi duk na'urorin Isra'ila aiki. Yawancin waɗanda aka kama kan rubutu ba wata kwamfuta ce ta zaƙulo su ba. Wani ne da ke cikin zauren, ko cikin abokan Facebook, ya ɗauka ya tura gaba. Kowane babban ɗan siyasa yanzu yana da 'yan midiyarsa, wasu da takardar naɗi, wasu a kan kuɗin data, kuma rabin aikinsu yabo ne, rabi kuwa sintiri. Ta haka tsoro ya tashi daga kan hukuma ya koma kan maƙwabci, abin da ya fi komai lalata zumunci.

Sai harshe ya koma gidansa na da. Bahaushe ya gaji habaici da zambo da gugar zana tun daga fada da ɗakin kishiya, kuma intanet ta ba su sabuwar kasuwa. Ba a kama suna, sai a ce mutumin nan, ko oga, ko a ambaci launin hula. A sa karin magana ba sharhi, a sa hoton dabba, a ɗora tsohuwar waƙa a kan sabon bidiyo, kowa ya gane, ba kuma abin da lauya zai riƙe. Wasu sun buɗe shafi na biyu da sunan aro da hoton fure. Masu faɗa da suna ƙarara kuma, da yawansu daga waje suke yi, kamar Bello Galadanci, Ɗan Bello, wanda bidiyoyinsa na barkwancin siyasa suka karaɗe Arewa yana zaune a ƙasar Sin. Akwai fasaha a cikin wannan, amma akwai asara babba. Habaici ba ya ɗaukar hujja. Ba za a iya cewa kwangila kaza ta naira kaza ba a yi ta ba ta hanyar shaguɓe. Mai suna da takarda a hannu ya yi shiru, mai shafin bogi da ba ya tsoron komai ya cika fili da ƙarya, jama'a kuma suka rasa ma'aunin bambance su.

Gwamnatin tarayya ta gwada rufe ƙofa gaba ɗaya. Bayan Twitter ya goge wani saƙon Shugaba Buhari, ministan yaɗa labarai Lai Mohammed ya sanar da dakatar da dandalin a ranar 4 ga Yunin 2021, washegari kamfanonin waya suka toshe shi. Ministan shari'a Abubakar Malami ya ce a gurfanar da masu kauce wa umarnin, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ce su rufe shafukansu. Cikin kwana ɗaya matasan da ba su taɓa jin sunan VPN ba suka iya sauke shi, wayar da ke Fagge ta riƙa nuna tana Holan ko Kanada. Amma ba kowa ya bi ba. Bankuna da kamfanoni da gidajen rediyo da ma'aikatan gwamnati, duk mai abin da zai rasa, sun janye. Mata masu sayar da atamfa da turaren wuta da suka tara abokan ciniki a can suka koma Instagram da WhatsApp, wasu ba su sake farfaɗowa ba. An ɗage haramcin ranar 13 ga Janairun 2022, bayan kwana 222, kuma a Yulin shekarar kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa doka.

Abin da ya sami Zamfara ya fi wannan tsanani. Daga 3 ga Satumban 2021 aka kashe sabis a jihar baki ɗaya da sunan yaƙi da 'yan bindiga, sannan aka faɗaɗa zuwa wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, kamar yadda soja suka yi a Borno da Yobe da Adamawa a 2013. Mutanen Gusau suka riƙa hawa mota zuwa Funtuwa don kawai su kira ɗan'uwa ko su tura kuɗi. Masu POS suka rufe. Aka koma ba direbobin tasha saƙo a takarda. Ƙauyen da aka kai wa hari kuwa ba shi da hanyar neman agaji, labarinsa ma sai bayan kwanaki yake fita. A ƙetaren iyaka, Nijar ta yanke intanet na waya na kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021, Chadi kuma ta toshe shafukan sada zumunta wata 16 daga Maris ɗin 2018.

TikTok ya zo da nasa babin, domin shi bai buƙatar iya rubutu. Mai sayar da rake da matar aure a cikin ɗaki da ɗan sakandare duk sun zama masu gidan talabijin, da fuskarsu da muryarsu. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, da neman afuwa a bainar jama'a, saboda bidiyon da suka yi kan Gwamna Ganduje. A watan ne aka ɗauke wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse aka kai shi Abuja kan layi ɗaya da ya rubuta game da uwargidan shugaban ƙasa, Aisha Buhari, watanni biyar kafin nan. Sai da ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ta yi barazanar zanga-zanga aka janye ƙarar a farkon Disamba. Darasin da matasa suka ɗauka daga wannan shi ne rubutu ba ya tsufa, don haka da yawa suka koma baya suna share abin da suka rubuta shekaru da suka wuce, musamman mai neman aiki ko mai jiran muƙami.

Bidiyon neman afuwa ma ya zama al'ada mai tsarinta. Yaro zai zauna a gaban kyamara, hula a kai, murya ƙasa-ƙasa, ya yi sallama, ya ce sharrin shaiɗan ne, ya roƙi mai girma wane ya dube shi a matsayin ɗa. Sau da yawa dattawan unguwa ne suka shiga tsakani, kuma iyaye sun gwammace haka da zaryar kotu da neman mai tsaya wa beli. Ta ɓangaren tarbiyya kuma Hisbah ta sa 'yan TikTok a gaba, ta kira wasu ta yi musu nasiha, ta kai wasu kotu. Saɓani kan salon kamen ne ya sa Sheikh Aminu Daurawa ya ajiye shugabancin hukumar a farkon Maris ɗin 2024 bayan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya yi suka, kafin a sasanta ya dawo cikin 'yan kwanaki. Jama'a da yawa suna goyon bayan a tsawata wa masu fitsara, kuma ɓata suna a intanet ya rusa aure ya zubar da mutuncin bayin Allah da ba su ji ba su gani ba. Abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne bambancin sauri. Yarinyar da aka yaɗa hotonta don a tozarta ta takan yi ta yawo tsakanin ofisoshi, amma wanda ya taɓa mai mulki, kafin gari ya waye an san layinsa da unguwarsu.

Ita kuwa Hukumar Tace Fina-finai tana nan tana bin sawun sana'ar da ta kuɓuce mata. Fim ɗin Hausa ya koma mai dogon zango a YouTube da tashar Arewa24, kuɗinsa na fitowa daga talla da yawan masu kallo, cikinsu har da Hausawan Nijar da Ghana da Sudan da Saudiyya waɗanda dokar Kano ba ta hau kansu ba. A Mayun 2025 hukumar, a ƙarƙashin Abba El-Mustapha wanda shi kansa ɗan fim ne, ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22, cikinsu har da "Labarina" da "Daɗin Kowa", ta ce sai an kawo an tace kafin a saka a intanet ko talabijin. Furodusoshi suka je aka zauna, domin ko da YouTube ba a Kano yake ba, 'yan wasa da kyamarori da gidajen da ake ɗauka a Kano suke. A watan ne kuma gwamnatin jihar ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa kai-tsaye a gidajen rediyo, matakin da ya nufi sojojin baka, wato masu shiga rediyo suna kare gwanayensu na siyasa, amma ƙungiyoyin 'yan jarida da na lauyoyi suka ce ba ta da wannan hurumin.

Sashe na 24 ma an taɓa shi. Bayan kotun ECOWAS ta ce ya ci karo da 'yancin faɗar albarkacin baki, an yi masa gyara a Fabrairun 2024, aka cire maganar ɓata rai da cin mutunci, aka bar batsa da ƙaryar da za ta iya haddasa rikici ko barazana ga rai. Kwamitin Kare 'Yan Jarida na duniya da ƙungiyar Amnesty sun ci gaba da lissafa 'yan jarida da masu amfani da waya da aka tsare da sunan dokar bayan gyaran. A yawancin irin waɗannan shari'o'i ba a kaiwa ga hukunci. Akan tsare mutum kwana biyar ko sati biyu, a karɓe wayarsa a bincike ta, a ba da shi beli bisa sharuɗɗa masu wuya, sannan a yi ta ɗage zama har maganar ta bi ruwa. Mutumin zai dawo gida, 'yan unguwa su zo jaje, a mayar masa da wayarsa ko a riƙe. In ya sake buɗe shafinsa, galibi addu'ar Juma'a yake sakawa da sakamakon ƙwallo.